Tambayoyi da Amsoshi Kan Maida Hankali: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Zaɓar Bayani, Ta Riƙe Shi, Ta Yi Aiki da Shi

Ɗalibai, malamai, direbobi, ma'aikatan jinya da masu jiran shago sukan kawo koke kusan iri ɗaya: ana karatu ba ya zama, an duba ba a gani ba, an faɗa an manta tun ba a kai ƙofa ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa. An sa musu lamba domin wata amsar tana jingine da wata.

1. Mene ne maida hankali, kuma me ya raba shi da basira?

Maida hankali zaɓe ne. A kowane lokaci abubuwa masu ɗimbin yawa suna shigowa ta ido, kunne, hanci da fata, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauki 'yan kaɗan ta yi aiki a kansu, ta kau da kai daga sauran. Yanzu haka rigarka tana taɓa kafaɗarka, amma ba ka ji ta ba sai da aka ambata. Basira kuwa ita ce abin da kake iya yi da bayani bayan ya samu shiga. Mai kaifin basira da hankalinsa ke wani wuri, shi da wanda ba a faɗa wa komai ba duk ɗaya ne.

A 1990 masana biyu a Amurka, Michael Posner da Steven Petersen, sun kasa maida hankali gida uku: zama a faɗake, juya hankali zuwa inda abu ya faru, da riƙe linzami, wato tsare hankali kan abin da aka sa gaba duk da wani abu na jan sa. Wannan rabo yana da amfani sosai, domin wanda ya ce "ba na iya maida hankali" yana iya nufin ɗaya daga cikin matsaloli uku. Rashin barci ya fi cin na farko (tambaya ta 11), ƙarar waya da hayaniya suna fisgar na biyu, tara ayyuka kuma yana gajiyar da na uku (tambaya ta 6).

2. Wace hanya bayani ke bi daga ido ko kunne har ya zama fahimta?

Zango uku ne. Na farko ajiyar gaɓɓai ce, mai faɗi amma gajeren rai. George Sperling ya nuna haka a 1960: yakan haska haruffa 12, layi uku na huɗu-huɗu, na kashi ɗaya cikin ashirin na sakan. Idan aka ce mutum ya faɗi duk abin da ya gani, huɗu ko biyar yake kawowa. Amma idan bayan haruffan sun ɓace aka buga wani sauti mai nuna layin da ake so, sai ya kawo kusan duk layin, kowanne ne aka zaɓa. Ashe hoton duka ya shiga, dusashewa kawai yake yi kafin baki ya gama faɗa. Da an jinkirta sautin da sakan ɗaya, shi ke nan ya tafi. Ajiyar kunne ta fi ta ido daɗewa da 'yan sakanni, shi ya sa kakan ce "me ka ce?" sannan maganar ta faɗo maka tun mai ita bai maimaita ba.

Zango na biyu shi ne ma'ajiyar aiki, inda ake juya bayani ana tunani a kansa. Na uku shi ne ma'ajiya mai ɗorewa. A kwatanta su da faifan bakace da rumbu: rumbu yana cin hatsin shekara, faifai kuwa ɗan abin da hannu zai iya sarrafawa yake ɗauka, kuma duk abin da zai shiga rumbu a gyare sai ya bi ta kansa. Maida hankali shi ne hannun da ke ɗiba daga zangon farko ya zuba a faifan.

Shi kansa ido yana da iyaka. Wurin da yake gani tar bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba idan ka miƙe hannunka. Ido yana tsalle sau uku zuwa huɗu a sakan, ƙwaƙwalwa ce ke ɗinke guntayen ta ba ka jin cewa kana ganin komai a sarari.

3. Me ya sa a cikin hayaniyar biki nake iya bin maganar mutum ɗaya, kuma nake jin sunana daga nesa?

Colin Cherry ya gwada wannan a 1953. Ya sa wa mutane abin sauraro, kunnen dama na jin magana ɗaya, na hagu na jin wata, ya ce su riƙa maimaita ta kunne ɗaya da baki. Da aka tambaye su game da ɗaya kunnen, sun lura idan muryar namiji ta koma ta mace, amma ba su lura an sauya harshe daga Ingilishi zuwa Jamusanci ba. Daga nan Donald Broadbent ya kawo ra'ayinsa a 1958 cewa akwai wata matata da ke tace bayani tun da wuri, bisa kamannin sauti, kafin a kai ga ma'ana.

Sai dai a 1959 Neville Moray ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin uku yana jin sunansa idan aka saka shi a kunnen da ba ya saurara. Anne Treisman ta gyara bayanin: matatar rage murya take yi, ba ta toshewa gaba ɗaya. Kalmar da ke da nauyi a wurinka, kamar sunanka, kukan ɗanka ko ihun "gobara", ko da a raunane ta iso tana iya keta ta. Abin da wannan ke nufi ga mai karatu shi ne, hira cikin harshen da kake ji ta fi ƙarar janareta ɓata maka karatu, ko da janaretan ya fi ƙarfi, domin ƙarar inji ba ta ɗauke da ma'anar da za ta ja ka.

4. Abubuwa nawa mutum ke iya riƙewa a kai lokaci guda?

George Miller ya shahara da adadin da ya ambata a 1956: bakwai, a ƙara biyu ko a rage biyu. Binciken da ya biyo baya ya rage shi. A 2001 Nelson Cowan ya nuna cewa idan aka hana mutum maimaitawa da haɗa abubuwa rukuni-rukuni, abin da yake riƙewa wajen huɗu ne.

Lokacin ma kaɗan ne. A 1959 Lloyd da Margaret Peterson sun riƙa ba mutane haruffa uku kacal, sannan su sa su ƙirga lamba da baya, uku-uku, don kada su maimaita a zuci. Bayan sakan 18, kusan kashi 10 cikin 100 kawai ake tunawa. Wannan shi ne abin da ke faruwa idan aka aiki yaro sayen abu huɗu, a hanya wani ya tsayar da shi da tambaya. Alan Baddeley da Graham Hitch, a 1974, sun bayyana cewa ma'ajiyar aiki sassa ce: akwai mai riƙe sauti, wato muryar da kake maimaita abu da ita a zuci, akwai mai riƙe hoto da wuri, akwai kuma mai rarraba hankali a tsakaninsu. Sashen sautin yana ɗaukar abin da za ka iya furtawa cikin kamar sakan biyu, saboda haka gajerun kalmomi sun fi dogaye riƙuwa.

5. In dai huɗu ne, ya aka yi gwanaye ke riƙe abu da yawa?

Ƙunshi suke yi. Ma'ajiyar aiki ƙunshi take ƙirgawa, ba ta damu da yawan abin da ke cikin kowane ƙunshi ba. Lambar waya a Najeriya alƙaluma 11 ce, amma kowa yana faɗin ta a yanka uku: huɗu, uku, huɗu, kuma na farkon an riga an san shi a matsayin lambar kamfani. A Nijar alƙaluma 8 ne, ana karanta su bibbiyu, ƙunshi huɗu ke nan.

A 1973 William Chase da Herbert Simon sun nuna wa 'yan wasan ces, darar Turawa, allon wasa na sakan biyar. Idan jerin 'ya'yan daga wasa na gaske aka ɗauko shi, gwani yana mayar da su wurarensu fiye da sabon shiga nesa ba kusa ba. Idan aka watsa su barkatai, fifikon nasa kusan ɓacewa yake. Gwanin bai fi kowa faɗin faifai ba, rumbunsa ne cike da siffofin da ya sani. Haka bakanike ke jin ƙarar inji ya kama matsala guda inda mai mota ke jin ƙararraki goma. Ba a san wata hanya tabbatacciya ta faɗaɗa ma'ajiyar aiki kanta ba. Wasannin waya da ake tallatawa don haka galibi a wasan suke ƙara maka ƙwarewa. Abin da ke aiki shi ne zurfafa sani a fannin da kake so.

6. Ana iya yin aiki biyu a lokaci ɗaya?

Ana iya, idan ɗayan ya zama jiki har ba ya neman hankali, kamar tafiya ana hira ko tuƙa tuwo ana sauraron rediyo. Irin wannan aikin ma hana shi ke da wuya. John Ridley Stroop ya nuna haka a 1935: a rubuta kalmar "ja" da koren tawada, a ce ka faɗi launin tawadar, za ka ji harshenka yana sarƙewa, domin karatu ya riga ka.

Idan kuwa ayyukan biyu duk suna neman tunani, taura biyu ce a baki. Abin da ƙwaƙwalwa ke yi shi ne kai-komo a tsakaninsu, kuma kowace juyawa tana cin lokaci: a sauke ƙa'idojin wannan aiki, a ɗora na wancan, a nemo inda aka tsaya. A 2009 Sophie Leroy ta bayyana wani ƙarin nauyi, cewa idan ka bar aiki ba ka kammala ba, wani yanki na hankalinka yana maƙale a can bayan ka koma na biyu. Mai shago da ke lissafin canji yana amsa wani mai saye ya san inda kuɗinsa ke zurarewa.

Dabara mai sauƙi idan katsewa ta zama dole: kafin ka tashi, rubuta layi ɗaya, inda ka tsaya da abin da za ka yi na gaba. Waya kuma a kashe mata sauti a ajiye ta inda sai an tashi za a ɗauko, domin kowane haske ko ƙara yana fisgar hankali ko ba a taɓa ta ba.

7. Idan na sa abin kunne, ba na riƙe wayar da hannu, akwai laifi in yi magana ina tuƙi?

Akwai haɗari. David Strayer da abokan aikinsa a Jami'ar Utah sun shafe shekaru suna gwada direbobi a na'urar kwaikwayon tuƙi, kuma sun samu cewa mai magana da abin kunne yana jinkirin taka birki yana kuma rasa alamun hanya kusan kamar mai riƙe wayar. A bincikensu na 2006, lalacewar tuƙin mai waya ta yi kusa da ta wanda ya sha giya har iyakar da doka ta haramta tuƙi a Amurka. Hankalin ne ya bar titi, hannu ko yana kan sitiyari. Hira da fasinja ta fi sauƙi, domin shi yana ganin hanya, yakan yi shiru idan an zo mahaɗa ko ya ce "ga mai babur nan".

Karanta saƙo ya fi muni. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowane sakan. Kallon waya na sakan huɗu tafiyar kusan mita 90 ce ba tare da direba ya ga komai ba. A wani gwaji na 2010 da mutum 200, kashi 2.5 cikin 100 ne kawai suka haɗa ayyukan biyu ba tare da tuƙinsu ya lalace ba.

8. Ta yaya zan kalli abu ƙuru-ƙuru amma ban gan shi ba?

Hausawa sun riga sun faɗa: hankali ke gani, ido gululu ne. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun nuna wa mutane bidiyon 'yan ƙwallon kwando, suka ce a ƙirga sau nawa masu farar riga suka miƙa wa juna ƙwallo. Ana cikin haka wani sanye da kayan goggon biri ya ratsa tsakiyar 'yan wasan. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba.

Ƙwarewa ba ta kare mutum daga wannan. A 2013 Trafton Drew da abokansa sun saka ɗan hoton goggon biri a cikin hotunan huhu, suka ba likitocin duba hoto 24 su nemi ƙulluwar ciwon daji. Guda 20 ba su lura da shi ba, alhali na'urar bin ido ta nuna yawancinsu sun kalli wurin. Mutum abin da yake nema yake gani. Direban da ke duba ko mota na zuwa yana iya fitowa gaban babur, ya rantse bai gan shi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Maganin shi ne a duba sau biyu da niyya biyu: a mahaɗa, kallo ɗaya na mota, na biyu na babur da mai tafiya a ƙasa. Mai gyaran rubutu ya karanta sau ɗaya don ma'ana, sau ɗaya don haruffa, sau ɗaya don lambobi.

9. Gaskiya ne hankalin mutanen yanzu sakan takwas kawai yake tsayawa?

A'a. Maganar ta bazu ne daga wani rahoton talla na kamfanin Microsoft a Kanada a 2015, kuma waɗanda suka bi diddigin adadin ba su samu binciken kimiyya a ƙarƙashinsa ba. Babu wani adadi guda da ke auna tsawon hankalin kowa a kowane aiki.

Abin da aka tabbatar shi ne raguwar faɗaka wajen gadin abin da ba ya yawan faruwa. Norman Mackworth ya bincika haka a Birtaniya saboda masu kallon na'urar hango jirage a Yaƙin Duniya na Biyu, ya wallafa a 1948. Mutane suna kallon hannun agogo na awa biyu suna jiran ya yi tsalle biyu maimakon ɗaya, kuma bayan rabin awar farko kuskurensu ya ƙaru a fili. Don haka mai gadi, mai lura da majinyaci da dare, da direban doguwar hanya miƙaƙƙiya suna buƙatar ɗan hutu ko musanya aiki tun kafin su ji gajiya.

10. Ina karatu sai in ga na kai ƙarshen shafi ban san me na karanta ba. Ciwo ne?

Yawanci ba ciwo ba ne. A 2010 Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard sun riƙa aika wa mutum 2,250 tambaya ta waya a lokuta daban-daban, suka samu cewa a kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, hankalin mutanen ba ya kan abin da suke yi. Duk mai salla ya san rafkanuwa, har fiƙihu ya tanadar mata ƙabli da ba'adi. Ido ya iya bin layi da kansa (tambaya ta 6), shi ya sa ba ka gane tafiyar hankalin da wuri.

Ka sa wa kanka shinge: ƙarshen kowane sakin layi, ɗaga kai ka faɗi abin da ya ƙunsa a jimla ɗaya. Idan ka kasa, nan ne za ka koma, ba farkon babi ba. Ajiye takarda a gefe, duk tunanin da ya kutso, bashi ne ko saƙon da ba ka isar ba, rubuta shi ka ci gaba. Damuwa tana zama ne a cikin faifan nan mai ɗaukar abu huɗu, ta rage wa karatu wuri.

11. Ina matsayin barci, kuma goro, shayi da kofi suna taimakawa?

Bincike a Ostareliya ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 zuwa 19 ido biyu, saurin martaninsa yana komawa kamar na wanda ya ɗan sha giya. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne gwajin Hans Van Dongen na 2003: waɗanda aka taƙaita wa barci zuwa awa shida na dare 14 a jere, faɗakarsu ta yi ta raguwa har ta kai ta wanda ya kwana ɗaya ko biyu bai runtsa ba, amma su a bakinsu ɗan gyangyaɗi kawai suke ji. Mai ƙarancin barci ba ya iya auna kansa.

Goro, shayi da kofi suna ɗauke da kafeyin (caffeine), sinadarin da ke tare wa adenosin hanya, wato abin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa yana kawo jin barci. Kafeyin yana ɗaga faɗaka na ɗan lokaci amma ba ya biyan bashin barci, kuma rabinsa yana nan a jiki bayan kamar awa biyar, saboda haka na bayan la'asar yana iya cin barcin dare. Ƙailula ta minti 15 zuwa 20 tana wartsakarwa. Direban da ya ga kansa yana ƙifta ido da nauyi ko ya kasa tuna garin da ya wuce, ya tsaya ya kwanta.

12. Na fahimta a aji, amma bayan kwana biyu ya gudu. Me zan yi?

Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya auna cewa mantuwa ta fi sauri a awanni da ranar farko, sannan ta lafa. Abin da ke sa bayani ya zauna shi ne zurfin aikin da aka yi a kansa, kamar yadda Fergus Craik da Robert Lockhart suka bayyana a 1972: wanda ya tambayi ma'anar abu da alaƙarsa da abin da ya sani ya fi wanda ya bi kalmomin da ido.

A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun kwatanta ɗalibai masu maimaita karanta nassi da masu karantawa sau ɗaya su yi ta ƙoƙarin kawo shi da ka. Bayan mako guda masu kawowa da ka sun tuna kashi 61 cikin 100, masu maimaita karatu kashi 40, ko da yake su ne suka fi amincewa da kansu. Makarantun allo da masu hadda sun daɗe a kan wannan hanya: a kife allo a kawo da ka a gaban malam, a yi tishin na baya, a rarraba muraja'a a kan kwanaki. Ɗalibin boko ya ɗauki tsarin: rufe littafi ka rubuta abin da ka tuna a ranar, ka sake washegari, bayan kwana uku, bayan mako, kana duba littafin kawai don gyara abin da ya kuɓuce.

13. Ni malami ne, ko mai ba da umarni a wurin aiki. Yaya zan shirya bayani ya shiga?

John Sweller ya gina nazarinsa na 1988 a kan iyakar da aka ambata a tambaya ta 4. Kada umarnin baki ya wuce mataki uku. Abin da ya fi haka a rubuta. Sunan kowane sashe ya kasance a jikin zanen, kada a tura ɗalibi neman sa a wani shafi. Kada ka cika allo da rubutu kana kuma yin wata magana daban, domin karatu da sauraro sashe ɗaya suke amfani da shi. Sabon shiga a fara nuna masa misalin da aka warware mataki-mataki kafin a ba shi nasa. A ƙarshe kada ka tambaya "kun gane?", ka ce wani ya maimaita da kalmominsa. Ma'aikacin lafiya da ke bayanin shan magani ya fi kowa buƙatar wannan.

14. Yaushe ne ya kamata a ga likita?

Idan ruɗewa ta zo farat ɗaya, cikin awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu, mutum bai san inda yake ba ko ba ya bin magana, musamman tare da zazzaɓi, sanƙarewar wuya, karkacewar baki ko mutuwar hannu, a kai shi asibiti nan take. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, faɗuwar sukari da shanyewar ɓarin jiki duk suna iya farawa haka. Wanda ya samu shanyewa daga ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa yakan daina lura da hagunsa, ya ci rabin kwano ya bar rabi, alhali idonsa lafiya. A sanar da likita, kuma a riƙa jan hankalinsa zuwa wancan gefen.

Ga yara, kafin a ce yaro ba ya ji, a auna kunnensa da idonsa, a duba ƙarancin jini, yunwa da barcinsa. Yaron da ke ƙamewa na 'yan sakanni yana kallon wuri ɗaya, ba ya amsa kira, sau da yawa a rana, yana iya kasancewa da wani nau'in farfaɗiya da ke jin magani. Larurar ƙarancin maida hankali da rawar kai, wadda likitoci ke kira ADHD, ana tabbatar da ita ne idan alamun sun fara kafin shekara 12, sun kai wata shida, sun bayyana a wuri fiye da ɗaya kamar gida da makaranta, kuma suna cutar da karatu ko zaman yaron da mutane. Dukan yaro ba ya gyara ta. Babba kuma da ya rasa nutsuwa tare da baƙin ciki, rashin sha'awar komai da lalacewar barci fiye da mako biyu, ya nemi likita ya faɗi alamun duka, har da magungunan da yake sha, domin wasu magungunan mura da na ƙaiƙayi suna kawo kasala da jinkirin tunani.